Kwana biyar a Sapa, garin da gajimare yake shigowa har ɗaki

Tun da na dawo 'yan uwa suke ta cewa in zauna in ba da labarin tafiyar nan, to ga shi yau Allah ya yi. A watan Satumbar 2023 ne, ina karatu a Malesiya, muka samu ɗan hutu, wani ɗan ajinmu ɗan Biyetnam ya nuna min hoton gonakin shinkafar da aka sassaƙa a jikin duwatsu kamar matattakala, yace min sunan wajen Sapa, can arewacin ƙasarsu dab da iyakar Chaina, kuma a watan nan ne shinkafar take nuna ta koma kamar zinare. Ni mutumin Kura ne, shinkafa ba baƙuwa bace a wajenmu, amma shinkafa a saman dutse kam ban taɓa gani ba. Na cike biza ta intanet na biya dala 25, bayan 'yan kwanaki ta fito, na haɗa kayana a jakar goyo guda ɗaya, kaya kala uku da rigar sanyi da darduma 'yar ƙarama da robar yajin da Hajiyarmu ta aiko min, wanda daga baya shi ya riƙe ni.

Daga Kuala Lumpur zuwa Hanoi, babban birnin Biyetnam, awa uku ne da 'yan kai. A filin jirgi jami'in ya daɗe yana jujjuya koren fasfona, ya tambayi inda zan sauka da tikitin komawa, na nuna masa a waya, ya buga hatimi ya miƙo min. Na canza dala 100 aka bani dong wajen miliyan 2 da dubu 400, manyan takardun kuɗin nasu na leda ne duk da hoton tsohon shugabansu Ho Chi Minh a jiki, kuma duk wanda zai je ya kula, takardar dubu 20 da ta dubu 500 duk shuɗaye ne, da daddare sai mutum ya miƙa babbar a madadin ƙaramar bai sani ba.

Na kwana ɗaya a Hanoi saboda in samu Juma'a. Masallaci ɗaya ne tak a garin, sunansa Al-Noor, a titin Hang Luoc cikin tsohon gari, 'yan kasuwar Indiya ne suka gina shi tun zamanin mulkin Faransa. Ƙarami ne amma ranar ya cika har waje, 'yan Indonesiya da Larabawa da 'yan Pakistan da 'yan Afirka jefi-jefi. Na ci naman halal na ƙoshi a kusa da masallacin don wani dattijo da muka yi sahu ɗaya yace min in ci da kyau, inda zani ba zan samu ba. Da daddare wajen ƙarfe 10 na hau jirgin ƙasa zuwa Lao Cai, ɗaki mai gado huɗu, biyu sama biyu ƙasa, na biya dong wajen dubu 500. Jirgin yana ratsa bayan gidajen mutane har kana hango masu cin abinci a falonsu, sannan ya hau tsohuwar gadar Long Bien ya tsallake Jan Kogi. Layin dogon Faransawa ne suka shimfiɗa shi har cikin Chaina, tafiyarsa a hankali da jijjiga, ya tuna min jirgin Kano zuwa Legas da muka taɓa hawa muna yara.

Da asuba muka sauka Lao Cai. Garin a bakin iyaka yake, kogi ne kawai tsakaninsa da garin Hekou na Chaina, kuma an ragargaza shi a yaƙin da ƙasashen biyu suka yi a 1979, shi ya sa kusan duk gine-ginen sababbi ne. A ƙofar tasha ƙananan bas-bas ne a jere da yaran mota suna ta kiran Sapa Sapa, babu bambanci da tashar Unguwa Uku, har zaman jiran mota ta cika iri ɗaya ne. Tafiyar ba ta kai kilomita 40 ba amma ta ci awa guda, hawa ne zalla da kwana-kwana, kunnena ya toshe, wata mata a gefena tun kwana ta uku take riƙe da leda a baki. Abin da na lura, tun daga Lao Cai har Sapa babu shinge ko ɗaya, ba wanda ya tsayar da mu ya leƙo yace a buɗe but. Inda ake tsayar da kai kawai shine ƙofar shiga ƙauyuka, wani ɗan ɗaki ne ka yanki tikiti ka wuce.

Sapa tana kan tudun da ya kai mita 1,500. Ina sauka sanyi ya buge ni, ba irin sanyin hunturunmu mai busar da leɓe da fasa ƙafa ba, wannan jiƙaƙƙe ne, yana shiga kaya ya zauna. Hazon ma ba ƙura bace, gajimare ne da kansa yake tafiya a titi. Na kama gado a wani masauki na masu yawo da jaka, mu shida a ɗaki, dong dubu 150 kwana ɗaya, suka karɓi fasfona suka rubuta suka dawo min da shi. Na buɗe taga don in ga kwarin da ake ta faɗa, wallahi sai farin abu kawai ya dinga shigowa ɗakin kamar hayaƙin girki, ban ga komai ba, bayan minti goma kuma iska ta ɗauke shi gaba ɗaya sai ga duwatsun Hoang Lien Son tsaye a gabana da gonaki rawaya a ƙasansu. Haka garin yake yini, ya rufe ya buɗe. Safar da na wanke ranar farko har na bar garin ba ta bushe ba.

Gaskiya cikin garin kansa bai kwanta min ba. Faransawa ne suka fara mayar da shi wajen hutawa don gudun zafin Hanoi, tsohuwar cocinsu ta dutse tana nan a tsakiyar gari, amma yanzu duk inda ka juya otal ne ake ginawa, ƙarar injin siminti da hon ɗin motoci, ga shi na faɗa ranar Asabar mutanen Hanoi sun cika ko'ina. Da yamma na gangara ƙauyen Cat Cat da ƙafa, akwai ruwa mai zubowa daga dutse mai kyau da tsohuwar tashar lantarki ta zamanin Faransa, sai dai ƙauyen ya koma wajen ɗaukar hoto, 'yan birni suna hayar kayan gargajiya su saka su tsaya a gada. Ni ma na zama abin hoto, mutum ya fi goma suka roƙi mu ɗauka tare, wata tsohuwa har ta shafa hannuna ta duba tafinta. Ban ji haushi ba, ba raini a fuskarta, mamaki ne kawai.

Abin da ya tsaya min a rai a daren nan yara ne. A dandalin gaban cocin, cikin wannan sanyin, ƙananan 'yan mata 'yan shekara biyar shida an saka musu kayan gargajiya suna zaune a kan leda suna tallan awarwaron zare, wata da ƙaninta a goye yana bacci, har ƙarfe 11 na dare. Akwai alluna da hukuma ta kafa tana cewa kar a saya a wajen yara don su koma makaranta. Na tsaya na rasa yadda zanyi, don na san wannan hoton, shine yaranmu masu tallan gyaɗa da goro a tasha, kuma na san idan yarinya ta koma gida da faranti a cike me ake ce mata. Ban sayi awarwaron ba, na sayo mata gasasshiyar masara da ƙwai, ta karɓa da hannu biyu ta fara bawa ƙanin.

Maganar abinci kuwa, nan ne na sha fama. Alade ko'ina, a rataye a ƙofar shaguna ana gasawa, akwai kuma wani romo da suke ji da shi mai suna thang co na naman doki da kayan cikinsa. Abokina ya rubuta min a waya da yarensu cewa bana cin alade, bana cin kitsensa, bana shan giya, duk inda na shiga sai in nuna. Kalmar da ta fi yi min amfani itace "chay", wato abincin da ba nama irin na mabiya Buddha. Sai ga awara, jama'a, awararmu sak, a soya ta a zuba mata miyar tumatir, in barbaɗa yajina in haɗa da farar shinkafa, dong dubu 50 na ƙoshi. Akwai kuma com lam, shinkafa mai danƙo da ake dafawa a cikin gora a kan garwashi, a ɓare goran a dangwala da gyaɗa da riɗi da gishiri. Da dankalin Hausa gasasshe a bakin titi. Rana ɗaya na haɗa kuɗi da wasu 'yan Malesiya biyu muka ci kifin da ake kiwo a ruwan sanyin duwatsun, a kawo tukunya tana tafasa a kan tebur kowa yana jefa nasa.

Ranar Lahadi na bi mota zuwa kasuwar Bac Ha, kusan awa uku, kasuwar mako ce. Ɓangaren dabbobin kamar kana karar Wudil ranar Juma'a, dillalai ana duba haƙori ana shafa gadon baya ana jan ciniki, sai dai maimakon shanu ɓauna ce. Ɓaunar da mu a tatsuniya da bakin maharba kawai muke jinta, a nan an huda mata hanci an saka igiya, ita ke huɗa, yaro ɗan shekara bakwai yana hawa bayanta yana kaɗa ƙafa.

Litinin na fara abin da ya kawo ni, tafiyar ƙafa cikin kwarin Muong Hoa, daga Sapa ta Y Linh Ho zuwa ƙauyen Lao Chai (ba garin Lao Cai da na sauka a jirgi ba) a kwana a Ta Van, wajen kilomita 12. Jagorarmu mace ce 'yar ƙabilar Hmong, waɗanda ake kira baƙaƙen Hmong saboda kalar kayansu, gajeriya ce ba ta kai kafaɗata ba, tana jin Turanci tar kuma tace min ba a aji ta koya ba, a bakin baƙi ta tsinta. Muna fita gari wasu mata huɗu da kwanduna a baya suka biyo mu. An yi ruwa da daddare, hanyar jar laka ce mai santsi a gefen gangare, kuma gefen kunyar shinkafar da ake bi faɗinsa bai wuce tafin ƙafa ba. Sau biyu ƙafata ta zame, duk biyun wata dattijuwa a cikinsu ce ta cafke min hannu, ita da silifas ɗin roba take tafe ko gezau. Tana tafe tana murza wani zare mai kama da rama tana naɗewa a hannu, kamar yadda kakata take kaɗi da mazari tana hira. Na san a ƙarshe za su buɗe kwandunan su ce a saya, kuma sun buɗe, na saya da zuciya ɗaya don ta ci guminta.

Gonakin kuma sai wanda ya gani. Daga gindin kwari har inda gajimare ya yanke dutsen, kunya kan kunya, kowacce an daidaita ta yadda ruwa zai kwanta ya cika ta sannan ya tsiyaya ta ƙasa, ruwan daga saman dutse ake janyo shi ta cikin gora da aka tsaga, ba injin ban ruwa ba fetur. Na tuna yadda manomanmu na Kadawa suke kwana a bakin kanal suna jiran layin ruwa. Amma su sau ɗaya tak suke noma a shekara saboda sanyi, abin da aka girbe shine cin gidan har wata shekarar, mu da muke yin damina mu yi rani mun fi su wannan. Mun tarar ana girbi, da lauje, a kama dami a dinga bugawa a jikin wani babban akwatin katako tsabar tana zuba ciki. Na karɓa na buga musu dami uku suna ta dariya suna tafi, don sun ga hannun ya san aikin. A gefen wani rafi kuma na ga turmi mai daka kansa, ruwa ya cika wani kwami a gindin taɓaryar ta ɗaga, ya zube ta faɗo kan shinkafar, haka dare da rana.

Tun a hanya nake kallon hannun dattijuwar nan. Yatsunta shuɗaye ne har faratan, shuɗin da ya shiga tsagar fata wanda sabulu baya fitarwa. Na san hannun nan, hannun kakana ne. A Lao Chai muka tsaya gidan jagorar shan ruwa, ina zagayawa bayan gida wari ya doki hancina, na tsaya cak. Warin karofi. Wanda ya tashi a Kura ko ya taɓa wucewa ta marinar Ƙofar Mata ya san abin da nake nufi, ɗan tsami-tsamin nan da ba ya kama da komai. Ganguna uku ne a jere a rufe da katako, na ɗaga murfin ɗaya sai ga kumfar nan mai sheƙin jan ƙarfe a saman ruwan. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, ina ƙarshen duniya a kan dutse ina shaƙar ƙofar gidanmu.

Na ce da jagorar ta faɗa wa surukarta, wadda itace mai rinin, cewa ni jikan marina ne. Na buɗe waya na nuna mata hoton ramukan rininmu da masu bugu da rawanin ɗan Kura irin wanda Buzaye suke saye. Tsohuwar ta karɓi wayar ta kai ta kusa da ido ta daɗe, tambayarta ta farko itace wai maza ne suke rini a wajenku? Don su aikin mata ne tun daga shuka har ɗinki. Ta ja ni ta nuna min baban rininsu a bayan gida, ganyensa faɗi ne da shi ba kamar namu ƙanana ba, tace suna jiƙa shi kwanaki har ya ruɓe, su tsame ganyen su zuba farar ƙasa su kaɗa, shunin ya kwanta a ƙasa, sannan a haɗa da ruwan toka. Nace mu ma toka ce da katsi. Ta tsoma wani ƙyalle ta ɗago shi kore, muka tsaya ni da ita muna kallonsa yana juyewa shuɗi a iska, ba mai jin yaren wani amma kowa ya san abin da ake jira. Na tambaye ta sau nawa ake tsomawa kafin ya yi baƙi haka, tace kullum a tsoma a shanya, wata guda, wani ya fi.

Sai ta nuna min yadda suke fito da sheƙi. Mu dai bugu muke, a ɗora a kan gungume a bi shi da mabugi. Su kuma sai a shafa wa ƙyallen kakin zuma a shimfiɗa a kan wani mulmulallen icce, a ɗora faffaɗan dutse a kai, mace ta hau dutsen ta dafa bango tana murza shi da ƙafa hagu da dama har ya dinga ɗaukar ido kamar turkuɗi. Matar nan ta haura saba'in amma ta hau ta gwada min. Na tambayi jagorar ko 'yan matansu suna koya, tace suna koya don kowa sai ya saka sabon kaya a bikin sabuwar shekararsu, amma yadin kamfani mai arha da ake shigowa da shi daga Chaina ya cika kasuwa, da yawan abin da ake sayar wa baƙi a cikin gari ma ba na hannu bane. Nace Inna ciwonmu ɗaya, ramuka nawa ne a garinmu aka cike da shara. Na sayi ƙyalle ɗaya a wajenta dong dubu 400, ban nemi ragi ba.

A Ta Van muka kwana gidan wasu 'yan ƙabilar Giay, gidan katako, katifu a jere a sama da gidan sauro da bargo mai nauyi. Da aka zauna cin abinci maigidan ya fito da giyar shinkafa yana zuba wa kowa a ɗan ƙoƙo, na dafa ƙirji nace addinina ya hana, bai ja ba, ya tashi da kansa ya dafo min shayi muka dinga ɗaga kofi tare. Matarsa ta soya min ƙwai da kabeji a wankakken kasko da man gyaɗa a gabana don hankalina ya kwanta. Da na nemi wajen sallah ya share min gefen baranda, na duba alƙibla a waya ta nuna yamma, yaransa suka zauna shiru suna kallo har na sallame.

Ranar ƙarshe na hau Fansipan, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Biyetnam da Laos da Kambodiya, a ƙolinsa an kafa wani ƙarfe mai kusurwa uku an rubuta mita 3,143. Da can sai an yi kwana biyu ko uku ana hawa, amma tun 2016 aka saka keken igiya mai tafiyar fiye da kilomita 6 a sararin sama, cikin minti 20 ka isa, tikitin a lokacin wajen dong dubu 800, banda kuɗin jirgin sama shine abu mafi tsada da na biya a tafiyar. Daga inda ya sauke ka akwai matattakala wajen 600, kana hawa numfashi yana gaza maka, ka wuce wuraren bautarsu da wani ƙaton gunkin Buddha na tagulla. Na tarar da gajimare ya rufe ko'ina, na zauna a lungu ina rawar ɗari kusan awa guda, sai ya yaye na 'yan mintuna, duwatsu suka fito a ƙasana kamar tsibirai a cikin farin ruwa, na yi tasbihi, ya sake rufewa. Komawa Hanoi bas mai gadaje na hau, ana cire takalmi a saka a leda a ƙofa, awa shida ta sabon titin da aka buɗe a 2014. Duka-duka banda kuɗin jirgi abin da na kashe bai kai dala 250 ba.

Da na buɗe jaka a Kuala Lumpur na tarar ƙyallen ya zuba a jikin farar jallabiyata, ban ma yi yunƙurin wankewa ba. Da na zo gida hutun ƙarshen shekara na kai wa mahaifina shi, yana zaune a zaure bayan la'asar. Bai tambaye ni daga ina ba, ya fara kai shi hanci, sannan ya murza gefen da babban yatsa ya duba yatsan, ya ɗaga shi saitin hasken ƙofa. Yace kai ɗan nan, wannan ba bugu aka yi masa ba, da me suka murje shi? Nace da dutse Malam, mace ce take hawa kai. Yace tsomi nawa? Nace wata guda kullum. Ya gyaɗa kai ya ninke shi a kan cinyarsa, ya aiki yaro ya kira masa abokinsa mai bugu na bayan masallaci ya zo ya gani.